Yadda ake fita farautar agwagwar ruwa da dattijo a fadamun Legas

Duk shekara da ruwan sama ya ɗauke, wajen ƙarshen Nuwamba haka, sai Baba ya fara kirana a waya yana tambaya ko hazo ya sauko wajenmu a Agege. Shi yana Alaba Rago, kuma ni na san fadama yake marmari. Baba aminin mahaifina ne, Allah ya jiƙan rai, mutumin ƙasar Haɗeja, ya taso cikin fadamun nan da suka miƙa har Nguru, fataucin awaki da tumaki ya kawo shi Ikko tun ba a haife ni ba, yanzu ya haura shekara 70, gwiwa ta fara ƙi, kunnen hagu ya yi nauyi, amma in ya ji an ce kirinjijiya, agwagwar ruwan da muke farauta, sai kaga fuskarsa ta washe. Mutane da yawa sun tambaye ni yadda nake fita da shi har cikin ruwa mu dawo lafiya, shi yasa nace bari in rubuta yadda muke yi, ko wani mai tsoho irin nawa zai amfana.

Abin da zaka fara sawa a ranka shine fita da dattijo ba irin fita da sa'anka bace. Lokacin tashi, nisan tafiya, wurin zama, lokacin dawowa, duk a kan jikinsa zaka auna su, amma ita farautar kanta, inda za a tsaya da wanda za a harba da wanda za a ƙyale, ka bar masa ragama. In ka haɗa biyun ka riƙe, ka zama kai ne mai kula da lafiyarsa kuma kai ne mai ba da umarni, toh ka mayar da shi kaya a cikin jirgi, kuma tsoho yana gane hakan nan take, ba zai ce maka komai ba amma baɗi ba zai ƙara kiranka ba.

Kafin maganar ruwa akwai maganar takarda, kuma dan Allah kar kowa ya ɗauke ta da wasa. Dokar makamai ta Najeriya tun 1959 take, ita ta ce bindigar harbin tsuntsu irin mai baki ɗaya ko baki biyu lasisinta daga ofishin Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, ita kuma bindigar toka wadda ake ɗurawa ta baki kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke ba da izininta. In ba ku da takarda mai rai ku haƙura da bindiga kawai, ku je ku kalli tsuntsu ku sayi kifi ku dawo. Duk mun ga abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, mafarauta 'yan Arewa 16 da ke hanyar komawa gida aka kashe su saboda an ga bindigogin farauta a motarsu, Allah ya jiƙansu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Bahaushe da bindiga a Kudu da duhun asuba, ko yana da gaskiya sai ya yi taka-tsantsan ninki biyu. Mu bindigar Baba a kwance take tafiya cikin jakarta, ba harsashi a ciki, harsashin na wata jaka daban, lasisin na aljihun gaban rigarsa cikin leda tare da katin shaida, in mun zo shingen bincike ni nake fara faɗa musu akwai bindiga da takardarta tun kafin su tambaya.

Sai izinin masu wuri. Fadamun Legas duk da masu su, ta wajen Badagry da tafkin Ologe akwai ƙabilun Awori da Egun, ta Ikorodu zuwa Epe akwai Ijebu, ga kuma masunta Ilaje ko'ina a bakin ruwa. Ka je da rana tsaka kwana biyu ko uku kafin ranar, ka nemi Baale, wato mai garin ƙauyen, ka gaishe shi da ɗan abin hannu, ka faɗi ko ku su waye da abin da ya kawo ku, in da shugaban mafarautansu a nuna maka shi. Ka tambaya ko akwai ranar da suke bikin Oro, don a ranar baƙo ba ya yawo, ka tambayi ɓangaren ruwan da ba a shiga saboda al'adarsu, ka tambayi inda suka kafa tarunsu. A wajensu kuma zaka ɗauki mai kwale-kwale, babban mutum mai natsuwa wanda ya san ruwan, kar ka ɗauki yaro mai rawar kai don ya fi araha. Na lura in suka ga furfurar Baba abin yafi sauƙi sosai, Yarbawa na girmama tsoho, wani lokacin har durƙusa masa suke. Wuraren da ba a zuwa sam: gandun nan na Lekki Conservation Centre da aka kafa a 1990 don kare namun daji, ba a farauta a ciki ko kusa da shi, sai kuma lungunan ruwan Arepo da Ishawo inda bututun mai ya bi, tun 2016 da sojoji suka yi ta fama da masu fasa bututu a wurin ba wurin da mai hankali zai shiga da bindiga bane.

Tsuntsun da muke nema a nan ita ce kirinjijiya, 'yar agwagwar nan mai farar fuska da dogon wuya, nauyinta baya kai kilo 1, tana tafiya garke-garke tana fito mai gaɓa uku siriri, in ka ji shi sau ɗaya ba zaka manta ba. Da dare take kiwo, da asuba ta taso ta koma inda zata wuni, wannan tasowar ita ake tara. Baba yakan ce a gida akwai dinya da kwarwa manya-manya, ga kuma ƙananan agwagin da ke tasowa daga Turai su cika fadamar Nguru da sanyi, a nan kam sai dai ka gode wa Allah da kirinjijiya, ita ma tana raguwa a idonmu don wuraren da muke zuwa da can wasu an cike su da yashi an yi gidaje. Da damina take ƙwai a ƙasa cikin ciyawa, shi yasa ba ma fita daga saukar ruwa har sai ya ɗauke gaba ɗaya. Disamba da Janairu su ne lokacinmu, kuma sun fi dacewa da tsoho, laka ta ɗan ja baya, sauro ya ragu, ba fargabar hadari ya taso muku a tsakiyar ruwa.

Kar ka taso da shi daga gida ƙarfe 3 na dare. Na taɓa yi sau ɗaya, kafin mu isa ya riga ya gaji, bayansa ya riƙe saboda zaman mota, ranar ko bindigar bai iya ɗagawa da kyau ba. Yanzu da la'asar muke tafiya mu kwana kusa, in Ologe ne daga Alaba Rago ba nisa ta hanyar Badagry, in Epe ne mu bi ta Ikorodu da Itoikin mu sauka wajen 'yan uwa Hausawa masu sana'a a can, ya ci tuwo da wuri ya kwanta. Maganinsa na hawan jini ni nake riƙewa, kuma da idona nake ganin ya sha, in naka mai ciwon suga ne kar ka yarda ya shiga jirgi da yunwa, ka sa dabino da alawa a aljihu. In ya tashi yana jin jiri ko ƙirjinsa na masa nauyi an fasa, ba wata doguwar magana, agwagwa tana nan. Ka kuma bar wa iyalinsa sunan ƙauyen da lokacin da za ku dawo, wayarka a cike cikin leda mai ɗaurewa, lambar gaggawa ta Legas 112 ce ko 767.

Kayan da nake ɗauka saboda shi sun fi na farautar yawa. Kujerar roba wadda na yanke wa ƙafafu ta zama gajeriya, tana da majingina, ina ɗaure ta a tsakiyar kwale-kwalen da igiya, ita ce tafi komai amfani don zaman katako ba majingina awa biyu yana kashe bayan tsoho. Sai bargo ɗan ƙarami na rufe gwiwa, mutane na cewa ai Ikko ba sanyi, ku shiga kan ruwa ƙarfe 6 na safe a Janairu raɓa na sauka ku gani. Filas ɗin shayi mai citta, goro, ruwan sha, man sauro, tocilar goshi, hular sanyi mai duhu, buta da wata roba mai murfi don fitsari, wannan na ƙarshen kar ka ji kunyar tanadarsa, tsoho baya iya riƙewa kuma miƙewa tsaye a gefen kwale-kwale don yin fitsari shi ke kifar da mutane. Sai laif jaket, rigar nan mai hana nutsewa, hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwa ma ta wajabta ta ga duk mai hawa ruwa a Legas. Baba da farko ƙi yayi, yace shi da ya yi wasa a kogin Haɗeja tun yana yaro, ban yi musu da shi ba, na sa tawa na sa mai jirgin ya sa tasa, na miƙa masa nace Baba ku taimaka min, in wani abu ya same ku ban san me zan faɗa wa su Hajiya ba. Ya karɓa. Tufafi masu duhu ko ruwan ƙasa, banda farar jallabiya da farar hula, tsuntsu na hango fari daga nesa.

Asuba a wannan lokacin tana yi wajen 5:30 zuwa 6 saura, rana kuma sai kusan 7 take leƙowa, mu muna sallah a tudu sannan mu shiga. Wajen shiga jirgin ake yawan samun matsala. A jawo kwale-kwalen ya kwanta a gefe daidai gaɓa, mai jirgin ya danne shi, kai ka shiga ruwan ka tsaya ka ba shi kafaɗarka ya dafa, hannunsa biyu a sake ba ya riƙe da komai, sai ya zauna daram sannan ka miƙa masa bindigar ba harsashi. Haka wajen fita, bindiga ce ke fara sauka, shi ne na ƙarshe. Kuma kar ka yarda ya taka lakar nan da ƙafarsa ko da yace zai iya, lakar fadamar Ikko baƙa ce mai santsi, tana haɗiye ƙafa har cinya, saurayi ma da ƙyar yake zare kansa balle mai ciwon gwiwa.

Akwai abu ɗaya da sanin Baba bai kai ba, kuma shi da kansa yake faɗa. Fadamar gida ruwanta da shekara yake tafiya, ya cika da damina ya janye da rani a hankali, amma na nan yana haɗe da teku, a wuraren da ke kusa da bakin teku kullum sai ya cika ya janye, lungun da kuka shiga da asuba jirgi na tafiya sumul kan iya zama taɓo zalla kafin hantsi. Ya taɓa faruwa da mu, muka maƙale kusan awa uku rana na dukanmu, ruwan shanmu ya kusa ƙarewa, ina kallon leɓen Baba yana bushewa wallahi ranar hankalina ya tashi ba kaɗan ba. Tun daga nan tambayar farko da nake wa mai jirgi ita ce yaushe ruwa zai fara janyewa, kuma abin da ya faɗa shi ake bi. Ga kuma kainuwar nan mai shuɗin fure da ta shigo ruwan Legas ta Badagry a 1984, iska na turo ta ta toshe hanyar da kuka bi cikin ɗan lokaci, kamar dai yadda kacalla ta cinye hanyoyin ruwa a can gida. Kar ku yi nisa. Minti 20 zuwa 30 na tuƙi daga gaɓa ya isa.

Zaɓen maɓoya kuwa aikinsa ne, a nan zaka yi shiru ka koya. Yakan sa a zagaya a hankali yana duba inda gashin tsuntsu ke yawo a kan ruwa, inda ciyawa ta kwanta, inda bado yake da ruwa mara zurfi, sai ya nuna da haɓa yace can. Mu cusa jirgin cikin dogayen ciyayi ko ƙarƙashin tukurwa, a kafa gora biyu a laka hagu da dama a ɗaure jirgin da su gam don kar ya yi rawa lokacin harbi, a karyo ganye a ɗan rufe gefen. Agwagwa iska take fuskanta in zata sauka, don haka iska ta kasance a bayanku, tsuntsun zai zo muku ta gaba yana rage gudu. Daɗin hunturu shine iskarsa daga arewa maso gabas take busowa, rana ma ta gabas zata fito, in kuka ba su baya duka biyun kun huta, hasken ba zai kashe masa ido ba, wanda dama idon tsoho baya son ƙyalli. Kafin a ɗura harsashi ku tabbatar da abin da ke gabanku, masunta na fitowa duba tarunsu daidai wannan lokacin kuma cikin hazo baka ganin mutum sai ya matso, mai jirgin ya san inda suke bi, a tambaye shi ɓangaren da ba za a juya bakin bindiga ba ko me ya taso.

Bindiga ɗaya ce a jirgin, a hannun Baba take. Ni aikina kunne. Tunda baya jin fiton daga nesa, ina zaune a bayansa ta dama, in na ji su sai in taɓa kafaɗarsa ta ɓangaren da suke tahowa, sau ɗaya in suna nesa, sau biyu in sun matso, ba magana. Daga nan sauran nasa ne. Abin mamaki duk da idon ya rage shi yake fara sanin ko zasu sauko ko wucewa zasu yi, daga yadda layinsu ya karkata kawai, sau da yawa ni jikina na rawa ina so ya harba shi ko ko motsi bai yi ba, can sai su kewayo su dawo ƙasa-ƙasa. Yana zaune yake harbi, ba a tsayawa a kwale-kwale. Baya harbin abin da ya wuce taku 30 zuwa 35, yace bayan nan raunata tsuntsu kawai zaka yi ya je ya mutu a banza ka ɗau alhaki. Baya harbi a kan fuskar ruwa, don ƙwayoyin harsashi na tsalle a kan ruwa su tafi inda baka nufa ba. Harsashi mai ƙananan ƙwaya irin lamba 4 ya fi dacewa da ita, manyan ƙwaya na dagargaza naman. In bindigar ta ƙi tashi kar a buɗe ta nan take kar kuma a leƙa bakinta, a bar ta tana kallon inda ba kowa a ɗan jira, musamman ta toka da raɓa ke jiƙa wa albarushi. Ka sa masa auduga ko abin toshe kunne, wanda ya rage masa ɗin ma a tattala shi.

In ya kuskure kar ka ce komai. Kar kace ai sun yi nisa, kar kace ba komai Baba, shiru kawai, ka zuba masa shayi. Kuma kar ka miƙa hannu kace kawo in gwada sai in shi ya miƙo maka. Bara sau biyu ya kuskure a jere, na ga hannunsa na ɗan karkarwa, ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya juyo yace ɗan nan karɓi, in sun zo ka jira sai na ce maka. Haka aka yi, shi ya ba da lokaci ni na ja kunama, guda biyu suka faɗo, kuma har muka dawo gida cewa yake mun samu biyu, nima haka nake faɗa don gaskiyar kenan.

Bismillah ake yi lokacin harbi da niyyar farauta, in ka ɗauko ta da sauran rai ka yanka ta nan take, don haka wuƙa mai kaifi na aljihunka kai mai ɗaukowa. Ka sa ido inda ta faɗa ka riƙe wata alama, don in ta shige ciyawa nemanta aiki ne, kuma da jirgi ake zuwa ɗauka. Kirinjijiya na da wata ɗabi'a mai taɓa zuciya, in ɗaya ta faɗi sauran sukan kewayo suna kuka a kan wurin, a nan mai haɗama ke ƙarar da garke. Baba baya harbin masu kewayowa. Uku ko huɗu in Allah ya bayar sun ishe mu, mu naɗe. Ba a taɓa balbela da zalɓe da sauran tsuntsayen da ba ci za a yi ba, kuma a kula da agwagin gida na mutanen ƙauye da ke shiga ruwa kiwo, harbin guda ɗaya ya isa ya ɓata zumuncin shekaru. Kwankon harsashi a tsince a sa a leda. In kuka ga tsuntsu matacce ko mai layi da kansa ba wanda ya harbe shi, kar ku taɓa, murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan tun 2006 ta Kaduna kuma a 2007 ta kashe mutum a nan Legas.

Ƙarfe 9 muke tashi ko an samu ko ba a samu ba, kafin rana ta yi zafi. Shi ba zai taɓa cewa ya gaji ba, kai zaka karanta, in ya fara yawan gyara zama ko ya daina ba da labarin farautar da suka yi da burtu a ka suna yara, lokaci ya yi. Tun daren jiya nake sa wa a yi alkawarin lokacin da bakinsa, sai da safe in ce Baba lokacin da kuka faɗa ya cika, kaga maganarsa ce ake cikawa. Ku sallami mai jirgi da kyau, in kun samu huɗu ku ba shi ɗaya, a biya ta wajen Baale a yi godiya ko ba a samu komai ba.

Tsuntsun kar ya daɗe cikin zafin Ikko da cikinsa, a cire hanji tun a bakin ruwa, a ajiye ƙundu da hanta, a sa cikin kula da ƙanƙara in akwai. A gida a fige da ruwan zafi a babbake, a laluba a cire ƙwayoyin harsashi don dalma ce kuma tana fasa haƙori, a wanke da lemun tsami saboda ƙarni. Namanta ja ne mai tauri, farfesu yafi karɓarta, citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa, a bar ta kan wuta ƙasa-ƙasa har sai cokali na yanka ta don haƙoran Baba. A gidansa ake dafawa, shi yake rabawa. Washegari da hantsi nake kiransa in ji yadda gwiwar ta kwana, in ta kumbura in biya masa da man zafi bayan na tashi daga kasuwa, in kuma lafiya lau ce sai mu tsayar da wata ranar, ba ma sa ta ƙasa da sati biyu.